Sabo ake yi wa kuka: me za ka yi kewa idan ka tattara ka koma gida?

Baban Nabila (Serdang, Maleshiya)

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura mini kwana 40 in bar Maleshiya bayan zaman kusan shekara 10, kuma tun ranar da na yanki tikiti nake fama da wata tambaya da na kasa amsa wa kaina, shi ya sa na kawo ta gabanku, musamman waɗanda suka riga ni komawa gida. Na sauka a nan a watan Satumban 2015 domin karatun digiri na uku, a daidai lokacin da hayaƙin gobarar dajin Indunusiya ya turnuƙe sama har aka rufe makarantu. Da na ga gari ya yi fari fat sai na ce wa direban da ya ɗauko ni ashe ku ma kuna yin hazon hunturu, ya dube ni bai gane inda na dosa ba. Na gama karatu, na samu kwantiragin koyarwa, yanzu ya ƙare, mahaifiyata kuma ta tsufa, ga shi na samu gurbi a wata jami'a a gida.

Duk wanda na shaida wa cewa zan dawo, abin da ke fara fita daga bakinsa shi ne wuta da ruwan famfo. Ban musa ba, domin a shekarun nan ban taɓa sayen man janareto ba, 'ya'yana kuma ba su san ihun da yaran unguwa ke yi idan an kawo wuta ba. Zan yi kewar shagunan mamak, wato gidajen abincin Musulmi 'yan asalin Indiya waɗanda da yawansu ba sa rufewa dare da rana, inda na rubuta rabin kundina a kan tebur guda da kofin teh tarik, wato shayinsu mai madara, da wainar fulawa da suke kira roti canai a gefe. Zan yi kewar yadda duk inda salla ta riske ka, ko a babban kanti ne ko a gidan mai ko a wurin hutun matafiya na babbar hanya, za ka tarar da surau, wato ɗan ƙaramin masallaci, mai tsabta da wurin alwala, har da ɓangaren mata da hijaban salla a rataye. Jirgin ƙasan da ya biyo ta unguwarmu a 2023 ma, sai da na fara sabawa da shi ga tafiya ta zo.

Sai dai da na zauna na yi wa kaina hisabi, na gano abin da ya fi tsaya mini a rai ba ya cikin waɗannan, kuma ina jin kunyar faɗinsa. Tsakanin nan da Kano akwai bambancin lokaci na awa 7. Idan na idar da Asuba na zauna a teburina, a gida ba a daɗe da kwanciya ba, wayata kuma ba za ta yi ƙara ba sai wajen ƙarfe 2 na rana, lokacin da gari ya waye a can. Wannan safiyar tawa ce ni kaɗai. Babu ɗaurin aure, babu suna, babu zuwa sulhun ma'aurata, babu mai sallama a ƙofar gida ya ce wucewa ya zo yi ya ga bai kamata ya wuce ba a gaisa ba. Duk abin da na rubuta a rayuwata a cikin waɗannan awannin na rubuta shi. To, shin laifi ne mutum ya yi kewar nisan da ke tsakaninsa da danginsa? Ku da kuka koma kuma, me kuka yi zaton za ku yi kewa, me kuka tarar kuna kewa a zahiri?

Ɗan Kwari (Kano)

Wa alaikumus salam. Dakta, Allah ya kawo ka lafiya. Ni shekara 7 na yi a Gwanzu ta ƙasar Sin ina yi wa 'yan kasuwarmu sayayya da lodin kwantena, na kuma tattaro bayan abin da ya faru a watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa fitar da baƙar fata daga gidajen haya da otal-otal da sunan korona, har wasu suka kwana a titi. Na dawo a fusace, ina cewa babu abin da zai sa in tuna da garin nan. Ban cika wata uku ba na fara kewar cika alƙawari. Masu masana'antun da na yi hulɗa da su, idan suka ce kaya za su fito ranar 15, to ranar 15 ɗin ce, idan kuma ba za su fito ba, za a sanar da kai tun da sauran kwanaki. Ba cewa nake yi sun fi mu gaskiya ba, domin an sha cuta ta a wajen ingancin kaya, amma dai lokaci yana da daraja a wurinsu. A nan tela zai ce maka gobe in sha Allahu, alhali kai da shi duk kun san ba goben yake nufi ba. Bayan wannan sai taliyar Musulmin Sin, wadda ake ja da hannu a gabanka a zuba romon naman sa, da ita muke rufe yini idan an tashi daga kasuwa.

Alhaji Baba Na-Jidda

Ɗana Dakta, na karanta bayaninka sau biyu. Shekara 26 na yi a Jidda ina tuƙi a wani kamfanin kayan gini, can na yi aure, can aka haifa mini 'ya'ya biyar. Abin da ya taso ni shi ne kuɗin da aka ɗora wa baƙi a kan iyalansu daga watan Yulin 2017, wanda ya fara da riyal 100 a kan kowane mutum duk wata, yana ƙaruwa da ɗari kowace shekara. Da ya kai 300 a 2019 na lissafa mutum shida, na ga albashina ba zai ɗauka ba, sai na nemi kafilina ya buga mini fita ta ƙarshe. Ranar da na rabu da iƙamata na gane abin da iyayenmu ke nufi da baƙo raɓa ne, domin duk tsawon zaman nan katin da ke aljihuna shekara ɗai-ɗai ake ara mini shi.

Ka tambayi abin da muka tarar muna kewa. Ba kazar gidan abincin Albaik ba ce, ko da yake yarana har yau suna zancenta. Abin da ke sa ni ƙwalla shi ne daren Alhamis. Sai in tashi daga aiki, in yi wanka, in ɗaura harami a ɗakina, in hau mota, kafin awa ɗaya da rabi ina kallon Ka'aba, in yi Umara in dawo in kwanta kamar wanda ya je Kazaure ya juyo. Na saba da abin har na yi sakaci da shi, akwai shekarar da sau biyu kacal na je, ina cewa ai ga shi nan kusa. Yau kujerar Umara ta fi ƙarfina. Ina kewar sallar gawa da ake yi kusan bayan kowace farilla a Harami, wadda ba ta barin mutum ya manta inda za shi, ina kuma kewar yaran Madina da ke kama hannunka da azumi suna roƙon ka zo shimfiɗarsu ka sha ruwa da dabino da nono da burodi. In faɗa maka gaskiya, na daɗe ina sa ran a can ƙasata take. Wannan burin ya fi duk kayan da na baro nauyi.

Game da tambayarka ta farko, ban ga laifi ba, sai dai ina ganin ka raɗa wa abin sunan da ba nasa ba. Ba nisa da dangi kake kewa ba, zaman wanda ba kowa ba kake kewa. A Jidda ni direba ne Takari, idan na shiga masallaci babu mai matsa mini wuri, idan na fita babu mai bi na da magana. A Kano ni ne babba a gidanmu, ba a ɗaura aure ko a raba gado sai ina zaune. Girma kaya ne, wanda ya ɗauka shi ya san nauyinsa, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai ranakun da nake marmarin komawa direban nan.

Abu Sadik (Zariya)

Ina neman afuwar Alhaji da sauran manya, domin maganata ba za ta yi daɗi ba. Ni ban taɓa ƙetare iyakar Najeriya ba, yayana ne yake Turai shekara 12 ke nan. Dakta, safiyar nan da ka ce taka ce kai kaɗai ba daga sama ta faɗo ba, wani ne yake biyan kuɗinta. Ƙarfe 9 na safenka shi ne ƙarfe 2 na darenmu, kuma a lokacin da wayarka take shiru, akwai wanda tasa ke ƙara ana ce masa jikin Baba ya tashi.

Ni nake kai mahaifinmu asibiti, ni nake bin layin kati, ni nake zuwa biko idan matar ƙaninmu ta yi yaji, ni nake zama a kan tabarma in karɓi gaisuwa a madadin wanda ba ya nan. Yayana yana turo kuɗi, Allah ya saka masa da alheri, ban taɓa rainawa ba, amma kuɗi ba ya juya marar lafiya a kan gado. Ni ma na fara digiri na biyu na ajiye, kuma ba ƙwaƙwalwata ce ta gaza ba. A watan Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako guda babu wuta, allurar ciwon sukarin Baba a wurin mai sayar da ƙanƙara na riƙa kai ta ajiya, a daidai makon da yayana ya kira yana yi mini ƙorafin jirgin ƙasa ya makara da minti 20.

Ban ce kada ku yi kewa ba, ai zuciya ba ta da ƙashi. Roƙona shi ne, idan kuna jera abubuwan da za ku rasa, ku riƙa tunawa cewa waɗanda ke karantawa a cikin wannan rashin suke zaune tun fil azal, kuma idan kun tashi dawowa kada ku dawo da fuskar wanda alƙali ya yanke wa hukunci.

Maman Iman (Manchesta, Ingila)

Malam Abu Sadik, wallahi maganarka ta taɓa ni, domin ni ma ƙanwata ce take ɗauke da mahaifiyarmu a Kaduna, kuma ban da abin da zan biya ta. Duk da haka ina roƙon ka ba ni dama in faɗi wani ɓangare da maza ba su cika gani ba.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata 8 a nan, muna kuma shirin komawa idan babbar 'yarmu ta gama firamare. Ba zan yi kewar sanyi ba, ba zan yi kewar watan Disamba da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma ba, ba zan yi kewar azumin bazara da muka taɓa yi na fiye da awa 18 ba. Abin da nake tsoron rasawa shi ne irin auren da muka gina a nan. Idan ina aikin dare, maigidana ne yake yi wa yara wanka, ya tuƙa tuwo, ya kaɗa miyar kukar da aka aiko mana, ya kai su makaranta da safe ni kuma in kwanta. Ba wata wayewa ce ta koya masa ba, dole ce, domin babu 'yar aiki, babu ƙanwar miji, babu kowa sai mu biyu. Amma dolen nan ta sa ya san 'ya'yansa ciki da waje, ta sa idan mun saɓa mu biyu muke kashe wutarmu kafin gari ya waye, ba tare da maganar ta zagaya gidaje huɗu ba. A shekara 8 babu wanda ya tare ni ya tambaye ni dalilin da ya sa 'ya'yana biyu ne kuma duk mata. Na sani sarai ranar da aka gan shi da muciya a hannu a Kaduna za a fara kiransa mijin-ta-ce, na kuma san yana da kunyar da za ta sa ya ajiye muciyar.

Sai dai aikina ya nuna mini ɗaya fuskar shirun da Dakta yake so. Na yi jinyar tsofaffin da za su yi mako uku a kwance babu wanda ya leƙo su, idan ka duba takardarsu ka ga suna da 'ya'ya a gari ɗaya. Wata tsohuwa takan riƙe hannuna bayan na ba ta magani, ba don tana jin ciwo ba, don kawai kada in yi saurin fita. A asibitinmu na gida korar masu dubiya ake yi saboda yawansu, kwanukan abinci har ƙarƙashin gado. Duk lokacin da na tuna da tsohuwar nan sai in ji zan iya jure surutun dangi, amma wannan bai hana ni jin tsoron abin da surutun zai yi wa gidana ba.

Abu Sadik (Zariya)

Hajiya, na karɓi wannan, kuma ban taɓa kallon abin ta nan ba. Sai dai ki lura, ƙanwar taki da ke Kaduna ita ma tana da miji da ɗaki, kuma ita ba a taɓa ba ta shekara 8 ta gina nata auren babu idon kowa ba. Idan kin dawo, kafin ki damu da muciya, ki fara ce mata ta huta.

'Yar Gusau

Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ƙarama ce a cikinku, amma ina so in ce wa Malam Baban Nabila ya gode wa Allah da ya ba shi kwana 40 na sallama. Ina shekara ta huɗu a karatun harhaɗa magunguna a Khartum lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi. Da jaka ɗaya na fito. Littattafaina da takarduna da atamfofin da na ɗinka domin Salla duk suna ɗakin da na kulle ina zaton mako biyu zan yi. Muka bi motoci zuwa iyakar Masar, muka yi kwanaki a can muna jira, daga bisani aka kwaso mu daga Aswan zuwa Abuja.

Mu babu wutar kirki ko jirgin zamani da za mu yi kewa, domin Khartum ma ana ɗauke wuta, zafinta kuwa ya fi na Gusau. Mutanen nake kewa. Da azumi maƙwabta kan fito da tabarmi bakin titi, kowane gida ya kawo tirensa, su tare duk mai wucewa su ce sai ya zauna ya sha ruwa, mu kuma mata a aiko mana da asida da abin shansu na azumi, hilu-mur, har ɗaki. Akwai mai shayin da ke zama a ƙarƙashin bishiya kusa da makarantarmu, tana dafa gahawa da citta tana turara wuri, idan ta ga ranar jarrabawa ce ba ta karɓar kuɗina. Ranar da na fara ganin mai agashe na ji sunan a bakin Basudane, na yi mamaki, sai ya amsa mini da Hausa ya ce kakanninsa tafiyar Hajji ce ta ajiye su a nan, shi kuwa bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba.

Ban yi sallama da ko ɗaya daga cikinsu ba, lambar mai shayin kuma tun watan Mayun shekarar ba ta shiga. Ku kuna kewar wurin da yake nan, idan kun samu hali za ku iya komawa ziyara ku tarar da teburinku. Shawarata, Malam, ka bi kowa gida ka yi masa sallama, har mai gadi da mai shara, ka kuma karɓi lambar wani ɗan'uwansu ban da tasu.

Ɗan Adar (Tawa, Nijar)

Allah ya zaunar da Sudan lafiya, ya bayyana miki labarinta na alheri. Mu mutanen Adar ci-rani gadonmu ne, kakana ya yi Kumasi, ubana ya yi Abijan, ni ma Abijan na yi shekara 15 ina sayar da garba, wato acakke na rogo da soyayyen kifi, abincin da sunan mutanenmu ya bi saboda mu muka fi sayar da shi. Mu shida muke kwana a ɗaki guda a unguwar Ajame, don haka idan ana zancen jin daɗin ƙasar waje ba da mu ake ba. Amma ga shi shekara 4 da dawowata, idan hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba, sai in tuna ruwan Abijan da ke kwana yana zuba. Kuma a can idan na samu jaka goma babu wanda ya sani, idan na rasa babu wanda ya sani. A gida kuwa samunka da rashinka duk a faifai suke. Ina ganin Alhaji ya faɗi gaskiya, kuma abin bai tsaya ga masu digiri ba.

Dakta Bakatsine

Abokina Baban Nabila, na riga ka dawowa da shekara 6, a Gombak ta Maleshiya na yi nawa zaman, saboda haka bari in gaya maka abin da ke jiranka. Wuta za ta dame ka wata uku, daga nan ka haɗa sola daidai ƙarfinka ka manta. Hanya da ƙura za su dame ka shekara guda. Roti canai kuwa uwargida za ta gwada sau biyu ku haƙura. Abin da bai warke mini ba har yau ban ma sa shi a lissafi ba lokacin da nake ɗaure kaya, wato jama'ar da muka zama a can.

Ka tuna yadda muke Salla. Bahaushe da Bayarabe da Babarbare da mutumin Auchi a falo ɗaya, kowa da tukunyarsa, har abokanmu Kiristoci suna zuwa cin nama. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna sahu ɗaya a bayan limami Bamale mai bin mazhabar Shafi'i, yana bayyana Bisimilla, yana ɗaga hannu yana ƙunutin Asuba da ƙarfi bayan ruku'u, babu wanda ya taɓa cewa a sake salla. Da wani ɗalibi ya rasu, kafin Magariba an haɗa kuɗin komai, babu wanda ya tambayi garinsu ko aƙidarsa. Na ɗauka mun zama wasu mutane dabam. Da muka dawo mun yi taro sau ɗaya a Abuja, muka ci abinci muka ɗauki hoto, daga nan kowa ya koma layinsa. Zaɓen 2023 ya ƙarasa abin da ya rage, har mutum biyu da suka yi shekara uku suna cin abinci a kwano ɗaya yanzu ba sa gaisawa. Ashe baƙunci ne ya haɗa mu, da ya ƙare sai ya tafi da kayansa. Ni kaina ban fita daga zargi ba, domin akwai wanda ya riƙe mini yara ranar da aka kwantar da matata, yau shekara biyu ban kira shi ba.

Maganar safiya kuwa tana da magani, ko da ba duka ba. Ni daga masallacin Asuba ofis nake wucewa, waya a kashe har ƙarfe 9. An yi gunaguni wata shida, an ce Dakta ya dawo da halin Turawa, ko da yake ban taɓa zuwa Turai ba, daga baya aka saba. Abu ɗaya zan gargaɗe ka da shi: ka kama bakinka daga faɗin a Maleshiya kaza ake yi. Sau uku za a saurare ka, na huɗu za a raɗa maka suna, ni har yau akwai masu kirana Kwala Lamfur a sashenmu.

Maman Nabila

Assalamu alaikum. Tunda maigida ya kawo zancen gidanmu gaban jama'a, bari ni ma in sa baki, da izininsa. Ni ɗokin tafiyar nan nake yi, domin awa 7 ɗin da yake yabo su ne suka sa labarin rasuwar mahaifina ya same ni bayan an dawo daga maƙabarta. Haihuwa biyu na yi babu uwa a kusa, babu mai dafa mini ruwan wanka ko kunun kanwa.

Duk da haka akwai wadda rabuwa da ita ke hana ni barci. Maƙwabciyarmu ce, tsohuwa 'yar ƙabilar Malay, muna kiranta Makcik, wato inna. Da na haifi Nabila ta ga babu kowa a wurina, sai ta shigo ba tare da an kira ta ba ta ɗauki jegona a kanta irin nasu na kwana 44, tana gasa mini ciki da dutse mai zafi a naɗe da zane, tana ɗaure ni da doguwar majanyi, tana hana ni ruwan sanyi kamar yadda gwaggona za ta yi. A lokacin ba na jin Malayanci, ita ba ta jin Turanci, da hannu muke magana. Duk ƙaramar Salla a gidanta muke yini. Yanzu ta haura shekara 70, kuma ni da ita mun san abin da tafiyar nan take nufi, shi ya sa ba ma zancenta.

Nabila kuwa ta gaya wa 'yan ajinsu za ta balik kampung, wato tafiya ƙauye da suke yi da Salla, ta kuma ce wa malamarsu ta ajiye mata kujerarta. Har yanzu babu wanda ya iya yi mata bayani a cikinmu.

Baban Nabila (Serdang, Maleshiya)

Na gode muku baki ɗaya. Baba Alhaji, Allah ya sake kai ka ɗakinsa. 'Yar'uwa ta Gusau, na fara bin shawararki tun jiya, na je na yi sallama da mai shagon mamak ɗin, ya ƙi karɓar kuɗin shayi, ya ce teburin kusa da fanka zai yi maraici. Domin kada a ɗauka aljanna zan baro, akwai abin da ba zan yi kewarsa ba ko kaɗan: masu gidajen haya da ke cewa an riga an kama da zarar sun ji daga Afirka nake, da fargabar sabunta biza duk shekara, da sanin cewa 'ya'yan da aka haifa mini a nan ba su da wani haƙƙin zama da ya wuce na takardata.

Malam Abu Sadik, maganarka ta hana ni aiki yini guda. Na ji haushi da farko, na rubuta amsa mai tsawo na goge, domin duk abin da na rubuta kare kai ne. Ina da ƙane kamarka, shi yake tare da Hajiya tun rasuwar mahaifinmu, kuma sai da na karanta saƙonka na lura cewa a shekara 10 ban taɓa tambayarsa abin da ya ajiye saboda ni ba. Jiya na jira gari ya waye a Kano na kira shi na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce Yaya lafiya kuwa, sannan ya yi shiru, sannan ya ce tun 2018 yake son zuwa wani kwas na wata tara a Legas. Na ce ya nemi fom. Ban daina jin zafin rabuwa da safiyata ba, ƙarya ne in ce na daina, zan kuma gwada dabarar Dakta Bakatsine in ga iya abin da zan tsira da shi.

Alhaji Ɗan Kwari, ina da littattafai kwali 14, ta jirgin ruwa ya fi ko in rage su?

Ɗan Kwari (Kano)

Dakta, kada ka rage ko ɗaya, za ka yi da-na-sani. Ka nemi masu haɗa kaya a kwantena ɗaya zuwa Legas, ka naɗe kowane kwali da leda saboda laima, ka rubuta suna da lamba a kowane gefe, ka kuma sa a ranka wata biyu ne ko fiye. Takardun makaranta da na haihuwar yara kuwa su kasance a jakar hannunka.

Abu Sadik (Zariya)

Allah ya kawo ku lafiya, Dakta, ka gaida ƙanen namu, Allah ya ba shi sa'ar kwas. Ranar asibitin Hajiya ta farko bayan saukarka kai za ka kai ta, kada ka aika kowa. Ka fita da wuri, domin layin kati tun ƙarfe 6 na safe ake kama shi, ka kuma tafi da kujerar roba saboda ba kullum ake samun wurin zama ba.